Jin daɗin zama ko iya shan kwana? Tambayoyi da amsoshi kan tsohon fawa baik

Tambayoyin nan su ne dai kullum ake ta maimaita min, wani a waya wani a gareji, yawanci daga masu shirin sayen fawa baik ɗan Beljiyam ko waɗanda suka riga suka saya yanzu baya da wuyan hannu sun fara kuka. Ni Honda CBR600F4i nake hawa, kafin shi na riƙe CBR600F3, shi ya sa za ku ga misalaina sun fi karkata can, amma maganar ta shafi duk wani mashin ɗin gudu da ya kwana biyu.

Wai da gaske ne sai dai mutum ya zaɓi ɗaya, ko jin daɗin zama ko iya sarrafa mashin?

Akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Mashin ɗin gudu an ƙera shi ne kansa a ƙasa, matakan ƙafa a sama kuma a ja baya, saboda nauyinka ya sauka kan tayar gaba ka riƙa jin abin da take yi da kwalta, sannan in ka kwantar da shi a kwana kada wani ƙarfe ya goga ƙasa. Wannan zaman a filin tsere ba ya damun kowa don iska ce take tallafe maka ƙirji in kana gudu sosai, kuma tseren yawanci bai kai awa ɗaya ba. Amma ka ɗauki wannan zaman ka kai shi cinkoson Ƙofar Nassarawa da azahar, ko ka ce za ka yi Kano zuwa Kaduna kilomita ɗari biyu da wani abu a zama ɗaya, toh nan jiki zai gaya maka.

Inda nake saɓawa mutane shi ne a kan mashin da ya shekara ashirin. Mafi yawan abin da ake ce wa "ai haka ɗan tsere yake, ba shi da daɗin zama" ba ƙirarsa ba ce, kayan da suka mutu ne, shokazoba ta gaji, man ƙafafun gaba ya zama ruwan kwata, taya ta bushe, boris ɗin wuya ya ci rami. In ka gyara waɗannan sai ka ga daɗin zama da shan kwana duk sun dawo tare, ba ka sayar da ɗaya ka sayi ɗaya ba. Duba amsar shokazoba da ta taya a ƙasa kafin ka taɓa komai.

Tsakanin CBR600F da CBR600RR wanne ya fi dacewa da hanyoyinmu?

F ɗin, ba na ko tantama. Honda ta fara jerin CBR600F a 1987, F2 ya zo 1991, F3 a 1995, F4 a 1999 da firam na alminiyam, sai F4i a 2001 wanda ya bar kabureta ya koma injekta, aka ci gaba da yin sa har 2006. Duk tsawon wannan lokacin manufarsu ɗaya ce, mashin da za ka je aiki da shi ranar Litinin kuma ka shiga filin tsere ranar Lahadi, shi ya sa hannuwansa suna saman farantin wuya, wato ƙarfen da ya riƙe ƙafafun gaba ta sama, kujerar na da faɗi, gwiwa ba ta naɗewa sosai. RR kuwa da ya fito 2003 an kwaikwayo shi ne daga RC211V na gasar MotoGP, hannuwa sun koma ƙasan faranti, salansa ta koma ƙarƙashin kujera, komai nasa filin tsere yake kallo.

Wanda zai iya fitar da bambancin RR da F4i a kwana sai wanda ya ƙware kuma a kwalta mai santsi wadda ba rami ba yashi ba akuya. Mu kuma hanyarmu yau lafiya gobe gargada, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye. Haka abin yake a Yamaha, YZF600R da ake kira Thundercat ya fi R6 sauƙin zama nesa ba kusa ba duk da R6 ɗin ya fi shi kaifi. In kuma tafiya mai nisa ce ta fi yawa a rayuwarka kamar Kaduna zuwa Abuja duk mako, ka leƙa Honda VFR800 na 1998 zuwa 2001, sai dai ka sani ya fi F4i nauyi da kusan kilo 40, za ka ji shi ranar da za ka tura shi baya a cikin yashi.

Wuyan hannuna yana ciwo yatsuna kuma suna mutuwa bayan rabin awa, me zan canza?

Kafin ka canza ƙarfe canza zama, wannan kyauta ne. Yawancinmu daga Boxer ko Jincheng muka taso inda ake zama a miƙe, in muka hau fawa baik sai mu sanƙarar da hannu mu jibga duk nauyin jiki a kan tafin hannu. Matse tanki da gwiwoyinka, ka bar ciki da gadon baya su ɗauki nauyin, gwiwar hannu a lanƙwashe sakwa-sakwa yadda za ka iya kaɗa ta kamar fiffike kana tafe. Satin farko cinyoyi za su yi tsami, daga baya sai ka ga ko kwanar ma ta fi shiguwa saboda ka daina kokawa da kan mashin.

Na biyu ka duba hannun birki da na kuloci. Zauna yadda kake tuƙi ka miƙe yatsu, ya kamata damtse da bayan hannu da yatsu su zama layi ɗaya har kan hannun birkin, in sai ka karya wuyan hannu sama kafin ka kamo shi toh ka sassauta kusoshi biyun nan ka ɗan sunkuyar da shi ƙasa, aikin minti biyar ne. Sannan ka tabbata ƙarafan nan masu nauyi na ƙarshen hannuwa suna nan, da yawa mashinan da ake kawowa sun faɗi an maye musu ƙarafan da na roba masu kyalli, alhali nauyinsu ne yake shanye karkarwar inji da take kashe yatsu.

In na ɗaga kan mashin ɗin zai lalata masa shan kwana?

In ɗagawa ce kaɗan, santimita biyu zuwa uku sama da ɗan jawowa baya, a kan titi ba za ka rasa wani abin kirki ba, asali ma za ka fi ganin gabanka kuma wuya zai huta da ɗaga hular kwano. Abin da kake ragewa shi ne ɗan nauyin da ke kan tayar gaba, sai ka riƙa matsowa kusa da tanki in za ka shiga kwana. Akwai kamfanoni irin su HeliBars da suke yin hannuwa daidai kowane samfuri, in ka samu nasu ya fi, in kuma haɗi za a yi maka toh a nan hatsarin yake.

Ni ya taɓa faruwa da ni a kan F3. Wani makanike ya ɗaga min hannuwa, a gareji komai lafiya, na fito zan juya a ƙofar gida na karya kan zuwa hagu gaba ɗaya sai na ji inji ya ɗaga murya da kansa, ashe wayar totur ce ta ɗame tana jan kanta. Da na sauka na haska fitilar waya sai na ga tiyon birkin gaba ma ya miƙe tsaf kamar tsirkiya, har ya fara gogar bakin roba ya yi fari a wurin. Allah ne ya kiyaye ba a kan titi na gane ba. Don haka duk wanda ya ɗaga kai, a kunna mashin a tsaye a karya kan hagu da dama har ƙarshe a saurari inji, a duba hannu bai matse babban yatsa da tanki ba, bai doki gilashi ba, sannan a ɗaga tayar gaba sama ta saki gaba ɗaya a ga ko tiyon birki yana da sauran sakewa. In babu a sayi mai tsawo, kar a ce a lallaɓa.

In na sassauta shokazoba ta yi laushi ba shikenan na samu jin daɗi ba?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Shokazoba abu biyu ce, sifirin da ke ɗaukar nauyi da kuma mai da ke cikinta wanda yake hana sifirin ɗin yin tsalle-tsalle. In man ya mutu ko gas ɗin da ke cikinta ya zurare, mashin zai faɗa rami ya nutse har ƙasa ya doki ƙugunka sannan ya wullo ka sama ya yi ta lilo sau biyu sau uku, kai kuma sai ka ce tauri ne ya yi yawa ka ƙara sassautawa, abin ya ƙara lalacewa. Mashin mai laushi fiye da kima yana tafiya ne a ƙarshen shokazobarsa inda ba sauran wurin nutsewa, shi ya sa yake dukan baya, kuma shi ne dai yake rawa a tsakiyar kwana.

Gwaji mai sauƙi, ka danna bayan kujera da ƙarfi ka saki, ya kamata ya taso a natse ya tsaya cak sau ɗaya. In ya yi tsalle ko ka ga jiƙar mai a jikin sandar, ta gama aiki, sai gyara in irin wadda ake buɗewa ce ko a nemo wata. A gaba kuma a zubar da tsohon mai a sa sabo daidai awon da littafin mashin ya ce, a canza sil, wato robar da ke tare man, in yana yoyo. Ranar da muka buɗe ƙafafun F4i ɗina abin da ya zubo toka-toka ne mai wari kamar ruwan da aka wanke kifi, ƙafa ɗaya ma man bai kai rabin na ɗayar ba. Bayan an sa sabo, hanyar da nake bi kullum sai na ji kamar an sake mata kwalta.

Yaya ake saita shokazoba daidai nauyina?

Ana auna yawan nutsewar mashin in ka hau. Kuna buƙatar mutum uku da tef ɗin awo. A ɗaga baya taya ta bar ƙasa a auna daga kusar tayar baya zuwa wani wuri a saman ta daidai, ka manna ɗan salatif don kar a ɓata wurin. Sai a sauke, ka hau da kayan da kake tuƙi da su har hular kwano, ƙafafu a kan mataki, ɗaya ya riƙe maka mashin ɗaya ya sake aunawa. Bambancin awo biyun ya zama wajen milimita 30 zuwa 35 don hawan titi, haka ma a gaba. In ya wuce haka a ƙara ɗaure sifirin, in bai kai ba a sassauta. In ka ɗaure har ƙarshe kuma bai zo daidai ba, sifirin ɗin ne ya yi maka kaɗan, sai an canza shi.

F4 da F4i suna da ƙananan sukurori na saita yadda man ke riƙewa, gaba da baya. Shawarata ka mayar da su inda littafi ya ce tukuna, don ba ka san hannu nawa suka taɓa su ba tun daga Turai har nan, sannan ka riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ka rubuta a takarda, ka bi hanya ɗaya da ka sani ka ji bambanci. Ƙafar hagu da ta dama dole su zama saiti ɗaya. Kuma duk wannan ba shi da amfani in man ya mutu, koma amsar da ke sama.

Mashin ɗina yana ƙin kwanciya a kwana, in ya kwanta kuma sai ya faɗa gaba ɗaya, mene ne?

Tsuguna a bayansa ka kalli tayar baya. In tsakiyarta ta baje ta yi fili kamar tayar mota da kafaɗu masu kaifi, amsarka ke nan, mashin yana hawa kan kafaɗar ne da ƙyar sannan ya rufta. Hanyoyinmu miƙaƙƙu ne shi ya sa tsakiya take riga gefe cinyewa. Sannan ka nemi rubutun DOT a gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar da ta haura shekara biyar shida ko zanenta na nan ta bushe, ba ta kama kwalta kuma ba ta shanye gargada, ga zafin ranarmu yana ƙara gasa ta. In lambobin uku ne kacal toh tun kafin 2000 aka yi ta, kar ka hau ko zuwa bakin layi.

Iska ma haka. Honda ta rubuta PSI 36 a gaba 42 a baya na F4i, da sanyin taya kafin a fita. Sayi gejinka na aljihu don na masu faci da yawa ba ya faɗin gaskiya, wani ma da yatsa zai danna ya ce ta yi. In taya da iska duk lafiya, a ɗaga gaba a juya kan a hankali, in ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa gurbi, boris ɗin wuya ne, kuɗinsa ba yawa amma yana mayar da mashin sabo.

In sa taya mai faɗi, 190 a madadin 180?

Kar ka sa. F4 da F4i 120/70 suke ɗauka a gaba, 180/55 a baya, a kan wili mai inci 17, F2 da F3 kuma 160/60 a baya. In ka cusa wadda ta fi faɗin wilin sai ta tsuke siffarta ta canza, mashin ya yi nauyin juyawa, ba abin da ka ƙaru da shi sai kyan gani daga baya. Abin da zai amfane ka shi ne irin tayar, ka nemi ta tafiya mai nisa irin jerin Michelin Road ko Bridgestone T, tsakiyarsu na da tauri gefe na da laushi, sun fi tayar tsere daɗewa kuma ba sa buƙatar sai sun yi zafi kafin su kama. Masu sha'awar tsohon Honda Fireblade, wato CBR900RR, kuma ku sani daga 1992 har 1999 tayar gabansa inci 16 ce, samun ta aiki ne, sai a CBR929RR na 2000 aka koma 17.

Ni gajere ne ƙafata ba ta kai ƙasa sosai, in sauke mashin ɗin?

Kujerar F4i tana wajen santimita 80 da 'yan kai. Fara da rage soson kujera musamman gefe da gefe ta gaba inda cinya ke sauka, sau da yawa faɗin ne yake hana ƙafa kaiwa ba tsayin ba, sannan ka saba da sauke ƙafa ɗaya sosai maimakon yatsu biyu suna lilo. In dole sai an sauke, a sauke gaba da baya daidai da juna, in baya kaɗai aka sauke kan zai yi nauyi ya riƙa buɗewa a kwana, in gaba kaɗai zai yi saurin juyawa har ya iya karkaɗa kai. Kuma ka tuna cikinsa zai matso ƙasa, tudun rage gudu zai riƙa gogar salansa da roba, jak ɗin gefe ma sai an rage masa tsawo in ba haka ba mashin zai tsaya a miƙe iska kaɗan ta kayar da shi.

Kujera fa, in kai wa mai kushin ya ƙara soso mai laushi?

Soso mai laushi minti ashirin na farko ne yake da daɗi, bayan nan ka nutse ka zauna kan robar ƙasa. Ka ce ya sa mai tauri a ƙasa, siririn mai laushi a sama, ya baje wurin zaman ya rage gangarowar da take tura ka kan tanki, don wannan gangaren yana cikin abin da ke jibga nauyi a hannu kamar yadda na faɗa a amsar wuyan hannu. Kar ya sa leda mai santsi, in ka taka birki za ka zame.

Ina yawan goyo, uwargida ko ƙanena, me zan yi?

Ƙara ɗaurin sifirin na baya mataki biyu ko uku duk ranar da za ka yi goyo mai nisa, in ka dawo ka mayar, in ba haka ba baya zai zauna gaba ya yi sama, fitila ta haska bishiya, kan ya yi sakayau. F4i na Amurka daga 2001 zuwa 2003 kujerarsa rabe take gida biyu, ta bayan 'yar ƙarama ce a sama, daga 2004 aka dawo da doguwa guda ɗaya mai abin riƙewa, wadda ta fi wa na baya mutunci sosai. In da goyo a lissafinka nemi mai doguwar. RR kuwa ga ƙanƙantar wuri ga zafin salansa a ƙarƙashi. Kuma don Allah a nema wa na baya hular kwano shi ma, in mace ce a tattare mayafi da bakin zani kar su kusanci cen.

Zafin inji yana gasa min cinya a cikin gari, akwai magani?

Ba zai tafi duka ba, inji mai silinda huɗu a rufe cikin roba a watan Afrilu dole ya yi zafi. Amma ka tabbata fanka tana tashi in awon zafi ya ɗan haura digiri 100, ka wanke haƙoran lagireto daga baya da ruwa marar ƙarfi don ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe su, kuma ka daina zuba ruwan leda ko na rijiya, ka sa ruwan lagireto na gaskiya. Kar ka cire robobin gefe wai don ya sha iska, an yi su ne su fitar da zafin ta gefe, in babu su kan ƙafarka zai huce. Honda na wancan zamanin kuma an san su da ƙonewar rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, zafi na ƙara kashe ta, in batir ya fara mutuwa ba dalili a duba ta da soket ɗinta kafin a sayi sabon batir.

Zan je ganin wani a wurin dila, me zan gwada a ɗan lokacin da zai ba ni?

Je da safe ka ce kar a kunna kafin ka zo. Ɗora shi a tsaye wani ya riƙe maka, ka zauna ƙafafu a kan mataki hannu a kai na minti biyar cur ba tare da ka sauka ba, in a nan ma gwiwa ko wuya sun fara magana toh a hanyar Zariya ihu za su yi. Shafa yatsa a sandunan gaba ka ga ko da mai ko tsatsa, danna baya ka saki, karanta shekarar taya, juya kan ka ji boris, duba ƙarshen hannuwa da matakan ƙafa ko sun gogu alamar ya sha ƙasa. In ya bari ka zaga, nemi wuri miƙaƙƙe marar mutane ka sassauta riƙo kaɗan a gudu marar yawa ka ga ko yana ja gefe ɗaya, in yana ja akwai abin da ya lanƙwashe kuma wannan ba gyaran ƙaramin kuɗi ba ne, gara ka haƙura da shi. Sauran kuwa, taya biyu da man gaba da sil da boris da shokazobar baya, ka yi musu kuɗi tun a gida ka rubuta a takarda, ka cire daga abin da za ka taya.